Mene ne amfanin busar da waken gizo a cikin jarida?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Azare. An sa mu tsinko waken gizo, mu danne shi tsakanin jaridu har ya bushe, mu rubuta wuri da ranar da muka samo shi. Waken da ba a dafawa, me za a yi da busasshensa?

Amsa: 'Yata, aikin da aka sa ki, an yi irinsa a ƙasarku ta Katagum fiye da shekara 100 da suka wuce. Wani likitan Turawa, Dalziel, wanda ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya tsinki tsirrai a nan, kuma har yau ana duba su a ma'adanar busassun tsirrai ta Kew da ke Landan, mai samfuri wajen miliyan 7. Mu ma muna da irinta a Ibadan da Zariya.

Waken gizo ɗan'uwan waken gonarmu ne. Ƙwayarsa ƙanana, kwansonsa na fashewa da kansa, amma yana rayuwa ba taki ba feshi, abin da masu inganta iri ke nema ke nan. A hamadar Sonora, tsakanin Amurka da Meziko, akwai wani waken daji mai suna tepari da ke jure zafi da fari. Masana kan bi tsofaffin takardun samfuri su gano gangaren dutse ko busasshen rafin da aka taɓa ganinsa, su koma can neman iri.

To, a nan nake so ki tsaya. Rubutun ya fi ganyen daraja. Ina ɗalibi na taɓa samo wani waken daji a bakin Kogin Gongola, kusa da Dadin Kowa, na busar da shi tsaf, na ce gobe zan rubuta. Bayan wata biyu na kasa tuna ko a yashi ya fito ko a laka. Malaminmu ya mayar mini da shi, kuma har yau abin na damuna, domin wurin ya zama gona.

Ki rubuta nan take, da fensir, don tawada na jiƙewa: ƙauye mafi kusa, irin ƙasar, launin fure tun bai koɗe ba, da sunan da manoman wurin ke kiransa. Ki haɗa da fure da kwanso, ki riƙa sauya jaridar kullum kada ya yi fumfuna.