Na'urar da Ɗalibi Ya Ƙera a Furojet: Tasa Ce, ko ta Malaminsa, ko ta Makaranta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan Daura ne, bara na gama karatun injiniya a wata babbar makaranta ta gwamnati a nan jihar Katsina. Furojet ɗina na shekarar ƙarshe na'urar busar da tumatir ce da zafin rana: akwati mai raga hawa huɗu, da faifan kwano baƙi a ƙarƙashin gilashi wanda ke ɗumama iska. Mahaifina ne ya biya kuɗin kaya duka, a ɗakin ƙere-ƙeren makaranta kuma na haɗa ta. A gwajin farko tumatirin ya yi fumfuna, sai ma'aikacin ɗakin ya ƙara tsawon bututun sama, ya sauya wurin da iska ke shiga, ya sa ƙaramar fanka mai aiki da sola. Daga nan kauɗa ta fara fita jajir. Malamin da ya duba aikin shi ya ba ni batun, ya gyara mini rubutun babi-babi. Saura mako biyu in kare aikin ya ce in ta yi kasuwa rabi nasa ne, na ce to. Daga baya na ga ya buga bayaninta a wata mujalla da sunansa shi kaɗai. Yanzu wani ɗan kasuwa yana son a ƙera da yawa don masu noman rani. Malamin yana neman rabinsa, wani jami'i ya ce duk furojet na makaranta ne, malamin unguwarmu kuma ya ce ilimi na Allah ne, karɓar kuɗi a kansa ɓoye ilimi ne. Wa ke da ita?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a karatun, ya saka wa mahaifinka da alheri. Ɗana, mutum uku ka lissafa suna ja da kai, amma wanda na fi ji maka tsoron haƙƙinsa ba ya cikinsu, domin shi bai nemi komai ba. Ma'aikacin nan nake nufi, wanda ka ambata a tsakiyar magana ka wuce. Za mu zo kansa. Mu fara da maganar malamin unguwarku, don in ta tabbata, babu ma abin rabawa.

Kada ka raina shi, maganarsa tana da asali. Hadisin wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a sa masa linzamin wuta sananne ne. A mazhabarmu, Imamu Malik ya karhanta sayar da littattafan fiƙihu, Khalil ma ya kawo haka a babin ijara. Ƙarafi a littafinsa Furuƙ ya sa ra'ayoyin mutum da ijtihadinsa cikin abin da magada ba sa gada. Wasu malaman baya-bayan nan, irin su Mufti Muhammad Shafi na Pakistan, sun hana sayar da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira. Duk da haka ra'ayin mai rauni ne, kuma ga inda rauninsa yake.

Hadisin yana magana ne a kan wanda aka tambaya ya ƙi faɗa. Kai me ka ɓoye? Rahotonka yana ɗakin karatu na makaranta, kuma duk manomin da ya tambaye ka yadda iska mai zafi ke kwashe danshin tumatir, wajibi ne ka gaya masa gaskiya. Abin da kake riƙewa shi ne wani ya ɗauki zanenka da awonka ya buɗe masana'anta, ya ci riba kai ka tashi a tutar babu. Hasali ma tsarin rajistar ƙirƙira bayyanawa yake tilastawa: ba a ba mutum takarda sai ya rubuta bayanin abin filla-filla yadda masanin fannin zai iya ƙera shi, bayan shekara 20 kuma ya zama na kowa. Wannan ya yi nisa da ɓoye ilimi.

Maganar Malik karhanci ce, a kan littattafan fiƙihu, a zamanin da ilimi yake cikin ƙiraza kuma ana tsoron kuɗi ya tsare talaka daga sanin addininsa. Almajiransa ma ba su ɗauke ta haramci ba. Muhammad ɗan Abdul Hakam ya ba da labarin an sayar da littattafan Ibn Wahb, almajirin Malik, a kan dinari 300, manyan mazhaba suna raye, babu wanda ya yi inkari. Malaman da suka biyo baya suka halatta a fili saboda hadda ta yi rauni, hanawar kuma ita za ta salwantar da ilimin. In an halatta wannan a fiƙihu, ina ga akwatin busar da tumatir? Ƙarafi kuwa yana magana ne a kan abin da ke manne da mutum, basirarsa da fahimtarsa, waɗanda ke tafiya tare da shi kabari. Abin da ya riga ya fito ya zama zane a takarda, wanda mai walda zai duba ya yanka ƙarfe ko da kai ba ka nan, ya rabu da kai, ya zama amfani mai ƙima. Amfani kuwa dukiya ne a wajen Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya, shi ya sa ake hayar gida ana biya alhali ba a ɗauki tubali ko ɗaya ba. Ɗan kasuwan da ya zo da kuɗinsa yana neman zanen ya riga ya shaida cewa al'adar mutane tana ɗaukarsa dukiya. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, a ƙuduri mai lamba 43, cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, ana iya sayar da su, ba ya halatta a yi ta'adi a kansu. Kuma a duba wa ke cin moriyar cewa ba a mallakar ƙirƙira. Mai jari ne, domin shi ke iya ƙera ɗari a wata guda. Ɗalibin da ubansa ya ƙuntata wa kansa don sayen gilashi da kwano shi ke asara.

Makaranta kuwa hukuncinta ya rataya a kan takarda. Kai ba ma'aikacinta ba ne, biyanta kake yi, kuma amfani da ɗakin ƙere-ƙere yana cikin abin da ka biya. Wanda ya ara maka garma bai zama mai rabo a hatsi ba sai in an sharɗanta tun farko. Kundin da ka ɗinke ka miƙa nata ne, ta ajiye, ɗalibai su karanta. Mallakar kundi daban, mallakar ƙirƙirar da ke cikinsa daban. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ma ta fara ɗora haƙƙin rubutu a kan marubucinsa, kuma ba ya komawa hannun wani sai da rubutacciyar yarjejeniya. Saboda haka ka roƙi jami'in, cikin ladabi, ya nuna maka ƙa'idar a rubuce, ka kuma koma ka karanta duk fom ɗin da ka sa wa hannu tun daga rajistar farko. In ka tarar da sharaɗi bayyananne cewa makaranta tana da kaso, ya hau kanka ko da ba ka karanta ba ranar, Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Da a ce kuɗin bincike ne na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da aka ba malaminka, aka ɗauke ka mataimaki ana ba ka alawus, da amsar ta juya gaba ɗaya. Kuɗin mahaifinka ne ya tsayar da ita a wajenka.

Alkawarin rabi bai ɗaure ka ba, kuma dalilin yana cikin kalmominka: saura mako biyu. Mutumin da makinka yake hannunsa ya nemi abu, ka ce to, wannan ba daɗin rai ba ne, dukiyar Musulmi kuwa ba ta halatta sai da daɗin ransa. Duba furojet aikinsa ne da ake biyansa albashi a kai. Lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka yana cewa wannan naku, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) cewa ya yi me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a ba shi. Wani zai ce Malikiyya suna lazimta alkawari in wanda aka yi wa ya shiga wani aiki saboda shi. Haka ne, amma malaminka bai shiga komai ba sai abin da dama wajibi ne a kansa. Ba da batu da gyaran rubutu ba ƙirƙira ba ne. Ka buɗe shafukan farko na kundinka: akwai inda ka shaida aikin naka ne, akwai inda shi ya sa hannu cewa kai ka yi a ƙarƙashin kulawarsa. Sai dai ka yi wa kanka adalci. In akwai wata dabara a jikin na'urar da daga kansa ta fito, yana da rabo gwargwadonta, saboda aikin, ba saboda alkawarin ba. Cire sunanka daga mujalla haramun ne ba tare da saɓani ba.

Duk da haka malaminka ne. Kada in ji ka kai shi Facebook. Ka same shi kai kaɗai, ko da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka nemi ya rubuta wa mujallar a gyara suna. In ya ƙi, akwai shugaban sashe. In takardar shaidarka ba ta fito ba tukuna, jinkirta maganar har ta zo hannunka ba tsoro ba ne, hankali ne. Bayan komai ya lafa, kyautar da ka kai masa don ranka ya so halal ce gare ku duka.

Yanzu ma'aikacin ɗakin. Da bakinka ka ce kafin ya sa hannu fumfuna take yi. Abin da ke kashe irin wannan na'ura kenan: tumatir fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, in iskar da ta ɗebi danshi ba ta samu hanyar fita da sauri ba, zafin sai ya dafa shi a cikin tururinsa ya ruɓe. Ke nan tsawon bututu da wurin shigar iska da fanka su ne ainihin abin da ɗan kasuwan zai saya. To wa ya yi tunaninsu? In kai ka auna ka zana, shi walda kawai ya yi, ladansa albashinsa ne da godiyarka. In shi ya gano su, kamar yadda lafazinka ya nuna, abokin tarayyarka ne, shirunsa kuma ba yafewa ba ne. Ƙananan ma'aikata sun saba ganin aikinsu ya tafi da sunan wasu har sun daina tsammanin komai. Dokar ƙirƙira ta Nijeriya ta 1970 ta yi wannan rarrabewar: wanda ya taya aiki kawai ba mai ƙirƙira ba ne, mai ƙirƙira na gaskiya kuwa dole a ambaci sunansa, kuma babu yarjejeniyar da za ta soke wannan. Akwai wani reshe: shi ma'aikaci ne da aka sayi lokacinsa, don haka in a lokacin aiki ya yi, da kayan makaranta, kasonsa yana iya komawa ga makarantar, shi kuma yana da haƙƙin suna da sakayya ta adalci. In ranar Asabar ce ya zo don Allah ya taimake ka, nasa ne. In babu sharaɗi a rubuce kamar yadda na faɗa a baya, ta wannan ƙofar ce kaɗai nake ganin makaranta za ta iya shigowa. Ka je ka same shi kafin ka sa hannu da kowa, ku ƙayyade kasonsa, a rubuta, da shaidu biyu.

Kafin ka kashe kuɗi a neman rajista, ka sani sharaɗinta abin ya zama sabo, ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba kafin ranar shigar da takarda. Bugun da malaminka ya yi yana iya zama ya riga ya ɓata wannan, rajistar Nijeriya kuma ana ba da ita ne ba tare da lamunin ingancinta ba, ana iya soke ta a kotu. Ka nuna wa lauya mujallar, ko ofishin haƙƙin ƙirƙira irin waɗanda NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, ta kafa a manyan makarantu. In rajista ta gagara, ba ka da ikon hana mai walda a Katsina ko Ɗanja kwaikwayon abin da ya gani a kasuwa. Abin da ya rage maka shi ne sunan kasuwanci mai rajista, da ingancin aiki, da sharaɗin da ka ƙulla da ɗan kasuwan.

A yarjejeniyar, ka guji kalmar "za mu riƙa ba ka wani abu", jahilcin lada yana ɓata ƙulli. Ko ka sayar masa da haƙƙin baki ɗaya a kan kuɗi sananne, ko ka ba shi izini na shekaru ƙayyadaddu da naira kaza a kan kowace na'ura, kuma na biyun ya fi maka. A rubuta wa zai riƙe lissafin adadin da aka ƙera, da abin da zai faru in ya daina ƙerawa. Ka sharɗanta irin ragar da za a sa, domin tsamin tumatir yana cin ƙarfe mai arha, tsatsa ta shiga abincin mutane, alhakin kuma har da kai. Kada ku ce wa manoman Jibiya ko Sabke tana busarwa a kwanakin da ka samu a zafin bazara alhali a hazon hunturu za su fara aiki da ita. Ku gwada ta a lokutan biyu, ku faɗi kowanne da kwanakinsa.

Wallahu a'alam.