Satar da ta shekara tara: shin daɗewa tana kankare ta?

Tambaya: Malam, shekara tara da suka wuce ina yaron shago, makullin sito a hannuna, na kwashe wa maigidana buhun shinkafa shida. Ya rasu bai sani ba. Wani ya ce min idan laifi ya daɗe Shari'a ba ta waiwayarsa. Haka ne?

Amsa: Ɗana, Allah Ya karɓi tubarka. Maganar makullin nan ita ce ta sauya hukunci. Wanda aka damƙa wa amanar ma'ajiya ya ci, ha'inci ya yi, kuma hadisin Jabir ya nuna ba a yanke hannun maha'inci. Alƙali na iya yi masa horo, amma haddi bai hau kanka ba tun farko.

Shi kuwa mai ba ka fatawa, tsintar magana ya yi daga Hanafiyya, bai ma kai ta ƙarshe ba. Su cewa suka yi idan shaidu suka yi shiru ba uzuri, sai daga baya suka zo, ba a tsai da haddi da shaidarsu, domin ana tuhumar gaba ce ta motsa su. Muhammadu ɗan Hasan, almajirin Abu Hanifa, ya iyakance jinkirin da wata ɗaya, Abu Hanifa ya bar wa alƙali. Malam Maliku bai karɓi wannan ba, haka Shafi'i. Kuma maganar Maliku da Shafi'i ta fi ƙarfi: mai shaida idan ya cika adali, zato kawai ba ya rushe shaidarsa, ga shi tsoro ko tafiya kan hana mutum magana. Ayar hukuncin sata ma ba ta yanka wa'adi ba. To ko a wurin Hanafawan, wanda ya yi iƙirari da bakinsa daɗewa ba ta cetonsa, kuma dukiyar dole a biya. Ina hujjar abokinka?

Shinkafa abin awo ce, don haka buhu shida za ka mayar, irinta da nauyinta, ko kuɗinsu a farashin yau idan magada sun yarda. Kada ka lissafa da tsohon farashi.

Magada za ka kai wa, a raba bisa gado. Zuba kuɗin a ginin masallaci ba ya sauke maka nauyi alhali ka san gidansu. Ba sai ka tona kanka ba. Ka aika amintaccen mutum ya ce bashin marigayi ne. In babu hali, ka biya buhu-buhu, ka rubuta saura a wasiyya da shaidu biyu tun yau.

Wallahu a'alam.