Funfunata ta cika kwalba, amma laifes babu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a nan Kaduna, kuma bincikena a kan laifes ne, sinadarin nan da ke farfasa mai. Na samo funfunar Aspergillus niger daga ƙasar wurin da mata ke matsar man gyaɗa a unguwarmu. Na zuba mata sukarin gulukos da yawa da ɗan man gyaɗa, na bar ta kwana 7. Ta cika kwalba fal, amma da na auna, laifes ɗin kusan babu. Ba mu da tankin tsimi, irin wanda ake renon funfuna a ciki. Ina kuskuren yake? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Wurin da kika je neman funfunar ya burge ni, domin inda mai ya daɗe yana zuba, nan masu cinsa suke taruwa. Matsalarki ƙoshi ce. Yaron da ya cika ciki da alawa ba ya waiwayar tuwo. Muddin gulukos na nan birjik, funfuna ba za ta wahalar da kanta ta fitar da laifes ba, sai dai ta yi ta ƙiba. Sai ta rasa abinci mai sauƙi, ta ga mai ne kaɗai a gabanta, sannan take sakin sinadarin da zai raba shi gida biyu, gilisirin da asid ɗin mai, don ta samu na ci.

Saboda haka ki rage sukarin sosai, iya abin da zai tayar da ita. Man kuma kada ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Idan ya yi yawa sai ya kwanta a saman ruwan ya tare iska, alhali wannan halitta da iskar oksijin take rayuwa. Ki raba shi, ki riƙa ɗiga kaɗan kowace rana. Abin da manyan masana'antu ke yi ke nan a tankunansu: famfo na ɗiga abinci sannu a hankali, fanka na juya ruwan, na'ura na auna iskar da ta narke a ciki. A kwalba, dabarar ita ce kada ruwan ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na cikinta, kuma injin girgizawa ya yi ta aiki. Zafi ya tsaya wajen digiri 30. Ki kula da sanyin daren hunturu.

Kwana 7 ɗin ma ina zarginsa. Idan funfuna ta tsufa takan saki wasu sinadarai masu cin furotin, shi kuwa laifes furotin ne. Mai yiwuwa ta ba ki shi tun a rana ta 3 ko ta 4, ya lalace kafin ki zo. Ki riƙa ɗiban kaɗan kullum kina aunawa.

Rashin tanki kada ya karya miki gwiwa. Hanyar da na fi so wa ɗalibanmu, musamman da yake wuta kan ɗauke, ita ce tsimi a kan dusa. Ki haɗa dusar alkama da tunkuza, ki jiƙa yadda idan kin dunƙula za ta kama amma ruwa ba zai ɗiga ba. Ki turara a tukunyar matsi a digiri 121 na minti 15, domin gyaɗa kan zo da tata funfunar, Aspergillus flavus, mai dafin afulatoksin. Turarawa na kashe ita funfunar amma ba ta kawar da dafin, don haka ki nemi tunkuza mai tsabta tun farko. Ki shimfiɗa a faranti, kaurin bai wuce yatsa biyu ba. Na taɓa cika faranti har baki; a rana ta biyu da na ɗora tafin hannu a gindinsa, sai na ji ɗumi irin na kalwar da aka rufe za a yi daddawa, tsakiyar kuma ta mutu murus.

Kada ki raina aikin nan. A 1988 kamfanin Novo na Denmak ya fitar da Lipolase, laifes na sabulun gari mai cire tabon mai daga tufafi, kuma funfunar Aspergillus oryzae ce ke samar da shi, 'yar'uwar funfunarki. Ki jera kwalabe uku: ɗaya da sukari kaɗai, ɗaya da mai kaɗai, ɗaya da sukari kaɗan da man da ake ɗigawa. Ki turo mini alƙaluman kowace rana, mu duba tare.