Na shekara ina rubuta manhaja da AI: ga abin da na gani

Tambaya: Yaya, ni ɗalibi ne a Marwa, ina koyon rubuta manhaja. Ana ta cewa ƙirƙirarriyar basira, wato AI, za ta ƙwace mana aiki. Kai da ka shekara kana aiki da ita, me ka gani? In ci gaba ko in nemi wata sana'a?

Amsa: Ƙanena, ci gaba da karatunka. Tun da GitHub Copilot, AI mai taya rubuta manhaja, ya fito a 2021, ChatGPT kuma ya biyo baya a Nuwamban 2022, nake jin wannan maganar. Bana kam na riƙe su kullum a ofishinmu na Garwa, kuma sun rage mini wahala ƙwarai. Rubuta gwaje-gwaje, fassara saƙonnin manhaja zuwa Faransanci, warware tsohon kod (rubutun umarnin da ake ba kwamfuta) da wani ya bari ba bayani, duk aikin yini guda ya koma na awa biyu.

Sai dai ba su san ƙasarmu Kamaru ba. Muna haɗa wa wani shagon kayan gini manhajar karɓar kuɗi ta waya, na sa AI ya rubuta ɓangaren lissafi. Kod ɗin ya fito tsaf, ba kuskure ko ɗaya a ido. Ashe ya ninka kowane kuɗi sau 100, yadda ake yi wa dala saboda santi, alhali lissafin sefa ba ya ɗaukar santi. A gwaji buhun siminti na sefa 5,000 ya koma 500,000. Da ban bi shi layi-layi ba, da mun ji kunya a gaban Alhaji mai shagon. Haka yake yi da lambar waya: ta Kamaru lambobi 9 ce tun 2014, ta Chadi 8, shi kuwa sai ya ɗauka 10 ce irin ta Amurka. Harajin TVA namu, wanda ake ɗorawa kan farashin kaya, na kashi 19.25 ma sai ka faɗa masa da bakinka.

Batun sauri kuma, kada ka yarda da yadda kake ji a jikinka. A rahoton da ta fitar a Yulin 2025, cibiyar binciken AI ta METR ta ce ta gwada ƙwararrun masu rubuta manhaja 16, ta gano aikin da suka yi da AI ya ƙara cin lokaci da kashi 19, su kuwa suna ganin sun yi sauri. Wannan sakamakon ya taɓa ni, shi ya sa yanzu nake rubuta lokacin da kowane aiki ya ci a littafi.

Abin da ya canja shi ne yanzu karatun kod ya fi rubuta shi yawa a wurina, kuma wanda bai taɓa rubutawa da hannunsa ba ba zai gane inda aka yi kwaɓa ba. Saboda haka ka fara warware matsalar da kanka, sannan ka nuna wa AI ya duba maka. Ranar da aka ɗauke wuta ko data ta ƙare, ka buɗe kwamfutarka ka ci gaba da rubutu. Kada kuma ka taɓa liƙa masa lambobin sirri ko bayanan abokan cinikin wanda ya ba ka aiki.