Ƙauyen Shafa da ke saman Ɗa'if

Ɗan uwa, ka ce kana Makka, za ka kai iyali Shafa amma ba ka san garin ba. To ni na sha zuwa.

Shafa tana kudu da Ɗa'if, can bisa duwatsun Sarawat, tsayin wajen ya haura mita 2,000 daga teku, shi ya sa ko lokacin da Makka take tafasa can iska ce mai sanyi. Mutanen garin Banu Sufyan ne, reshen ƙabilar Saƙif da suka musulunta shekara ta 9 bayan hijira. Manoma ne, sun yanyanka jikin dutse hawa-hawa suna shuka wardi da inabi da rumman, ga kiwon zuma. In ka je Maris ko Afrilu, tashi da asuba ka ga yadda ake tsinkar wardi kafin rana ta fito, a zuba a manyan tukwanen tagulla a tace ruwansa da mansa, wallahi ƙamshin nan har a riga na dawo da shi gida.

Kuskuren da mutanenmu suke yi, su taho ba rigar sanyi, yara su kwana suna rawar ɗari. Sai hanyar Hada, wadda ke hawa dutse daga Makka zuwa Ɗa'if, kwana-kwana ce, in hazo ya sauko ko motar gabanka ba ka gani, don Allah a duba birki tukuna. Birai kuma kar yara su miƙa musu abinci, fizge suke yi. Gonaki na mutane ne, a yi sallama kafin a shiga.

In da niyyar Umra a dawowa, miƙati yana Wadi Muhrim a kan hanyar Hada, amma hukuncin mazaunin Makka ka tambayi malami.