Eriyar waya ɗaya: SWR ya ƙi sauka

Tambaya: Salam malam, na ɗaura waya mai tsawon mita 20 daga tagar ɗakina zuwa bishiyar darbejiya, na jona ta ta baki ɗaya da unun 9:1 (taransifomar daidaita eriya da rediyo), amma a 7 MHz SWR (ma'aunin dacewar eriya da rediyo, 1 ne mafi kyau) na haura 5, kuma in na danna makirfo sai ƙarfen rediyon ya ɗan ja ni. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wayarka lafiyarta ƙalau, taransifomar ce ba tata ba. Mita 20 rabin zango ne, wato rabin tsawon igiyar rediyo, a 7 MHz (raba 143 da 7.1 ka gani), ita kuwa waya mai rabin zango in ta baki aka jona ta turjiyarta kan kai om 2,000 zuwa 3,000, rediyonka kuma 50 kawai yake so. Shi 9:1 ɗin 450 yake mayarwa 50, taka kuwa ko ya raba ta da 9 tana nan wajen ninki biyar na 50, to ka ga inda 5 ɗinka ya fito. An yi shi ne don wayar da ba ta faɗa rabin zango ba, shi ma sai da tuna (na'urar daidaita eriya).

Taransifoma 49:1 za ka nema, ko ma ka naɗa da kanka a zoben ferayit FT240-43, zagaye 2 ɓangaren rediyo, 14 ɓangaren eriya, ka ƙara kafasita 100 pF a ɓangaren rediyon saboda manyan mitoci. Kafin ka hau bishiya gwada shi da resista mai om 2,400 a madadin wayar, in SWR bai faɗo kusa da 1 ba to naɗin ne da gyara.

Sai daidaita tsawo, nan ake son haƙuri. Ɗaga wayar inda za ta zauna sannan ka auna, NanoVNA (ƙaramar na'urar awon eriya) ya wadatar, awon ƙasa yaudara ne wallahi. In SWR ya fi sauka a ƙasa da mitar da kake so waya ta yi tsawo, amma don Allah kar ka yi saurin sa filaya, lanƙwasa bakin ka naɗe shi a jikinta, santimita 10 santimita 10 kana aunawa, na sha ganin wanda ya yanke ya dawo yana ƙari. Ta zauna a 7, galibi 14 da 21 da 28 MHz za su biyo.

Jan da kake ji kuma RF ne, wato wutar siginar da kake aikawa, ke dawowa ta bayan koyaks (kebul ɗin da ya haɗa rediyo da taransifoma). Sa wa eriyar 'yar wayar kantafois (mai zama madadin ƙasa) kamar mita 2 a gindin taransifoma, da cok (mai tare RF ɗin) kafin koyaks ya shiga ɗaki. Kuma bakin wayar ya yi sama inda hannun yara ba zai kai ba, wutar da ke wurin tana ƙuna.