Hoton ƙirji ya fito fes, me ya sa likita ke neman na CT?

Tambaya: Likita, makonni biyu ke nan da aka yi wa ƙanwata aiki aka ciro jariri. Yanzu numfashinta na sama-sama, ƙirji na sukar ta. An ɗauki hoton ƙirji an ce ba a ga komai ba, amma likitan ya dage sai an yi CT, wai yana zargin gudan jini a huhu. Anya ba ɓarnar kuɗi ba ce?

Amsa: Allah Ya raya, Ya ba ta lafiya. Ba ɓarna ba ce, kuma kada ku ja lokaci. Hoton ƙirji na yau da kullum ba ya nuna gudan jini. Jijiyar huhu na iya toshewa shi kuwa ya fito fes. Amfaninsa shi ne a tabbatar ba namoniya ba ce ko ruwa a ƙirji. Ga shi jinin mai jego, balle wadda aka yi wa aiki, yana saurin daskarewa har makonni 6 bayan haihuwa.

Hoton da likitan ke nufi shi ne CTPA, wato hoton CT da ke nuna jijiyoyin jinin huhu dalla-dalla. Za a saka mata ruwan aidin ta jijiyar hannu, ta ji ɗumi ya ratsa jikinta, a ce ta riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu. Na'urar tana ɗauka daidai lokacin da ruwan ya cika jijiyoyin huhu, sai su yi fari tas, gudan jinin kuma ya fito baƙi-baƙi a tsakiya. Akan duba ƙoda tukuna, domin ita ke fitar da ruwan. Ba sai ta daina ba da nono ba, wannan tambayar kullum sai an yi mini ita.

In ƙodar ba ta da ƙarfi, ko aidin ya taɓa tayar mata da borin jini, akwai hoton V/Q, wanda ke gwada inda iska ke shiga da inda jini ke kaiwa. Sai dai asibitocin da ke yin sa ba su da yawa. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne sikanin jijiyoyin ƙafa, tunda yawanci daga can gudan ke tasowa. In an gan shi a cinya, ya isa a fara magani. In ba a gani ba, hakan bai wanke huhu ba.

Gwajin jini na D-dima, wanda ke neman alamar gudan jini a jiki, ba zai raba gardama ba a wajenta, domin haihuwa da tiyata kaɗai kan sa ya hau. Kuma in zargin ya yi ƙarfi, likita na iya fara mata allurar hefarin, mai hana jini daskarewa, tun kafin a ɗauki hoton.